Aikin da Bai Bar Tabo a Jikin Dada Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa gaba ɗaya. Kakata, mahaifiyar Babanmu, wadda kowa a gidanmu na unguwar Shamaki ke kira Dada, ta riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi. Aka kai ta bayan azahar.

Ina tsugune a gindin randa ina cika butoci sa'ad da tsohuwar da ta yi mata wanka ta fito daga ɗakin. Tana goge hannu da gefen zanenta ta matsa kusa da Goggo, yayar Babanmu, ta rage murya. Ba su lura da ni ba. Dama ba a cika lura da ni ba.

"Ba ce mini aka yi an yi mata aiki a ciki ba?"

Goggo ta ce, "Haka dai aka ce."

"To ni ban ga ɗinki ba. Ko tabon ƙaya babu. Cikin nan sumul yake."

Malamarmu ta Islamiyya ta taɓa gaya mana cewa mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Wannan ta faɗa. Sai Goggo ta juya ta dubi ƙofar kicin, inda Umma, mahaifiyata, ke tsaye da jariri a baya.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta, maganar ta zagaye tabarmi duka. Ina raba ruwa ina ji. Wata ta ce ai akwai masu sa mutum barci su tashe shi su ce an gama. Wata ta ce ita ba ta taɓa jin inda tsakuwa ta tsiro a cikin ɗan Adam haka kawai ba, sai in jefa masa ita aka yi. Wata ta tambaya a hankali, kamar ba ta san amsa ba, "Wa ke dafa mata abinci ne?" Mata suna shigowa da sallama, su durƙusa gaban Goggo su daɗe suna yi mata gaisuwa, in sun zo kan Umma sai su ce "ya haƙuri" a tsaye, idonsu na wani wuri.

Ranar sadakar uku Goggo ta fito da abin fili. Ta ce wa Baba, a gaban ƙannensu, Umma ce ta kai Dada asibiti, ita ta sa hannu, ita kaɗai ta san abin da aka yi da wanda ba a yi ba. In an yi bakwai, ta tafi gidansu ta huta har a bincika. Duk wanda ke wurin ya san irin wannan hutun ba a cika dawowa daga shi ba. Baba ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa akwai abin da na sani, na kasa buɗe baki. Amma sai na fara faɗin wace ce Dada, don wanda bai san ta ba ba zai gane ba.

Wake take sayarwa a zaurenmu tun kafin a haifi Baba. Da an idar da sallar asuba gari ya waye, za ta shimfiɗa buhu, ta ɗora faifai a cinya ta fara tsinta. Tsakuwar da ta tsince ba ta zubarwa. Tana tara ta a wani tsohon gwangwanin madara kusa da mudu, duk wanda ya zo saye sai ta girgiza masa shi a kunne.

"Ka ji? Na yau ne. Duk mai ce maka ya tsince wake, ce masa ya nuna tsakuwar."

Haka take da komai. In aka kawo man gyaɗa sai ta shinshina, ta ɗiga a bayan hannu ta lasa. In ta je gidan wata mai awo, za ta kife mudun ta shafa gindinsa da yatsa ko an buga shi ciki. Da azumi tana tara mu yara bayan la'asar ta ce kowa ya fito da harshe. Ba ta iya karatun boko ba, don haka ni ke karanta mata takarda, amma ba ta taɓa yarda da karatun farko ba. Sai ta karɓe ta ajiye, bayan kwana biyu ta miƙo mini a juye ta ce, "Sake karantawa in ji ko maganar ba ta canza ba."

Tana da ƙawa guda ɗaya tak, wata Kirista mutuniyar kudancin Gombe da muke kira Mama ta Herwagana, da sunan unguwar da take zaune. Ita ke kawo mata wake daga gonakin ƙauyensu. Sun fi shekara talatin tare, amma duk buhun da ta kawo sai Dada ta farke shi ta aune mudu-mudu, Mama na zaune a kujera 'yar tsuguno tana dariya har da hawaye.

"Hajiya, duk shekarun nan kin taɓa samun ya ragu?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"To ai don ina aunawa ne."

Bebiya take kirana saboda rashin maganata. Da na shiga sakandare na yi wata guda ina dawo da abincin tara kamar yadda na tafi da shi, don ina jin kunyar ci a gaban mutane. Nakan juye shi a kwanon ƙannena kafin a gani. Umma ba ta gane ba. Dada ce ta kama ni, daga ganin yadda nake cin tuwon rana kamar an biyo ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Washegari ta kira ni zaure ta cusa mini wani ƙulli a aljihu. Ƙosai ne ta gutsuttsura ƙanana-ƙanana, kowane loma ɗaya.

"Ki sa hannu ta ƙarƙashin hijabi. Ba mai ganin bakinki."

Shekara uku tana yi mini haka, ba fashi.

Ni na fara ganin ciwon. Muna tsintar wake da safe, hasken ƙofa ya faɗa a fuskarta, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Sai susa. Tana ajiye totuwar masara kusa da ita tana kankare hannuwa har su yi fari. In ta ci masa mai maiƙo sai ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama ta yi shiru. Fitsarinta a fo ya zama kamar shayin da ba madara. Kowa ya ce shawara ce. Goggo ta taho daga unguwarsu ta Nasarawo da jarkar jiƙo, Dada ta shinshina, ta sa Goggo ta kurɓa tukuna, sannan ta sha. Sati uku ana haka, har ranar da zazzaɓi ya rufe ta tana rawar sanyi da tsakar rana.

Baba direban babbar mota ne, yana kan hanya. Umma na da tsohon ciki, amma ita ta tare keke mai ƙafa uku ta kai ta asibiti. Ni nake bin su da kwandon abinci in na taso makaranta, shi ya sa ina wurin ranar da likita ya zo da sakamakon hoton ciki.

Ya juya wata takarda ya yi zane a bayanta. Ya ce ga hanta, ga maɗaciya a ƙarƙashinta kamar 'yar jaka, ga wani siririn bututu da ke kai ruwan ɗaci zuwa hanji. Tsakuwa ta taru a jakar, wasu suka gangaro suka toshe bututun, kamar yadda shara ke toshe kwata. Ruwan ya rasa hanya ya koma jini, shi ne ya rina mata ido.

Ya ce hanya uku ce. Ana iya buɗe cikin a tsaga bututun a kwashe, a cire jakar gaba ɗaya. Ana iya huda ƙananan ƙofofi a ciki a shiga da na'ura mai ido a yi wannan aikin. Ana kuma iya zura wata doguwar roba mai fitila ta baki, ta bi ciki har bakin bututun, a faɗaɗa shi a jawo tsakuwar, ba a yanka ko'ina ba. In ta baki aka bi, jakar sai daga baya, in jiki ya yi ƙarfi.

Dada ta saurara har ya gama, idonta a kan hannunsa, ba a kan fuskarsa ba.

"A cikin ukun, wanne za a ba ni tsakuwar a hannu?"

Likita ya yi murmushi. Ya ce in an buɗe ko an huda, za a iya ba ta. Ta baki kuwa, cikin hanji ake sakin ta, ta bi bayan gida.

"To a yanka."

"Hajiya, ga shekaru, ga ciwon suga, ga zazzaɓi a jikinki. In na yanka ki yau ina tsoron abin da zai biyo baya. A fara buɗe hanya tukuna."

"Ɗan nan, kai za ka shiga cikina ba ƙofa, ka fito ba kaya, ka ce in gode?"

Nas ɗin da ke tsaye ta toshe baki. Umma ta kira Baba a waya, ana jin ƙarar mota ta bayansa, ya ce a bi abin da likita ya ce. Umma ta sa hannu. Dada ta bi alƙalamin da ido daga farkon layi har ƙarshe.

Da ta farka bayan aikin, abin da ta fara yi shi ne laluba cikinta. Ta ɗaga riga ta duba. Muryarta a shaƙe ta ce, "Yaushe za a fara?"

Umma ta ce, "An gama, Dada."

"Ina tsakuwar?"

Kwana uku tana hana a zubar da fo sai ta duba da tsinke. Ba ta ga komai ba. Nas ta ce irin wannan takan farfashe, ba lallai a gan ta ba. Dada ta ce, "Uhm." Idonta ya fara washewa, susa ta tsaya, ta nemi tuwo. Amma in aka ce mata aiki ya yi kyau, sai ta ce ƙarin ruwa ne da sauran jiƙon da ke jikinta.

Goggo ma da ta zo ta ɗaga rigar ta duba. Ta ja Umma baranda, ina biye da su da kwano a hannu. Ta ce mijin maƙwabciyarta a Nasarawo an yi masa irin wannan aikin, ɗinkinsa ya kai taƙi guda, tsakuwarsa kuma tana nan cikin kwalba a kan kabad, duk wanda ya je dubiya sai an nuna masa.

"Ke da kika yi boko, nuna mini abu ɗaya da zan gani da idona."

"Yaya, dubi idonta mana."

"Idonta jiƙona ne."

Ranar sallama likita ya zauna a bakin gadon ya yi magana a hankali. Ya ce ya bar wata 'yar ƙaramar roba a cikin bututun don hanya ta zauna a buɗe. Ba ta zama ba ce. Bayan sati shida dole a dawo a zare ta, a kuma shirya cire jakar ta ƙananan ƙofofi, don har yanzu da tsakuwa a cikinta. In aka bar robar za ta toshe, ciwon ya dawo fiye da da. Ya rubuta ranar a kati. Dada ta sa na karanta mata, bayan kwana biyu ta sake sa ni.

Saura sati biyu ranar ta cika Umma ta haihu, haihuwa mai wuya, iyayenta suka tafi da ita gida wankan jego. Baba ya yi kudu da kaya. Goggo ta ce ita ba ta raka kowa wasan yara. Umma ta kira ni a waya ta ce, "Ranar Laraba ba za ki makaranta ba, ki raka Dada. Ki riƙe katin da kyau."

Muka shiga keke da sassafe. Dada ta sa mayafinta na zuwa unguwa. Da muka isa ƙofar asibitin mai keke ya tsaya, na sauko da ƙafa ɗaya. Ita ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon masu shiga da fita, yatsunta na murza bakin mayafi. Sai ta jawo ni ciki ta ce wa mai keke, "Herwagana."

Mama na shanya wake a tsakar gida, tana shirin tafiya ƙauye girbi. Da ta ji daga inda muke, ta ajiye tsintsiya.

"Hajiya, tashi. Ni zan raka ki yanzu-yanzu."

"Zauna, ƙawa. Sun ce sun cire tsakuwa, kin gan ta? Sun ce sun sa roba, kin gan ta? Yanzu kuma in kai musu jakar su cire ta ƙofar da ba ta kai ta allura ba."

"Kin warke ko ba ki warke ba?"

"Allah Ya warkar da ni."

"Allah ne, wa ya ce ba Shi ba ne? Amma Ya bi ta hannun yaron nan. Ke wake ne da za a juye ki a faifai? Taurin kan nan zai kashe ki, Hajiya, wallahi ina gaya miki."

Ban taɓa jin wani ya ɗaga wa Dada murya ba sai ranar. Na zaci za ta tashi ta tafi. Sai ta ɗebi wake a hannu tana zubar da shi kaɗan-kaɗan.

"Ƙawa, sun sa mini abu a hannu ina tsakiyar salati. Ban ƙarasa ba. Na buɗe ido aka ce an gama. Tun da na yi wayo ba a taɓa yin wani abu a kaina ban sani ba, ko haihuwa idona biyu na yi ta. Wannan lokacin da suka ɗauke, ban san inda yake ba. Ba zan sake ba su wani ba."

Mama ta zauna kusa da ita. Ta yi ta lallashi har rana ta take, a ƙarshe Dada ta ce to, sati mai zuwa in Allah Ya yarda. Mama ta dube ta ta dube ni, ta ce in ta dawo daga ƙauye za ta tambaya.

A hanyar gida Dada ta kama wuyan hannuna ta matse.

"Bebiya, yau bebancinki zai yi rana. Mun je, sun zare robar, sun ce na warke. Maimaita."

Na maimaita.

"Sake."

Na sake. Ta ce in yaga katin. Ban yaga ba, na sa shi a tsakiyar littafina na lissafi. Da Umma ta kira, Dada ce ta karɓi wayar. Ta ce an zare ta baki kamar wancan karon, jakar kuma an ce ba sai an taɓa ta ba. Da Umma ta dawo daga wanka ta tambaye ni da kanta ko an yi komai daidai. Na ce eh, ina kallon ƙafata. Kullum ƙafata nake kallo, don haka ba ta ga wani abu ba.

Wata huɗu Dada na lafiya. Ta koma kan faifanta, ta yi ƙiba, har ta fara tsokanar jaririn tana ce masa mijinta marowaci. Na fara gaya wa kaina ƙila ita ce mai gaskiya.

Sai wata safiya na sake ganin launin nan a idonta. Ta ga na gani. Ta jawo ɗankwali ta rufe goshi ta ce, "Kalli wakenki." Washegari zazzaɓi da rawar sanyi. Umma ta ce a tafi asibiti, Dada ta ce ai sun sallame ta, me za ta koma yi. Goggo ta kawo jarka. Sau biyu ina zuwa in tsaya bayan Umma a kicin, maganar na bakina. Na farko ta juyo ta ce, "Mene ne?" na ce ba komai. Na biyu har na ce "Umma," sai muryar Dada ta fito daga ɗaki, siririya, "Bebiya! Zo ki danna mini ƙafa." Na tafi na danna. Kwana na uku da safe ba ta gane kowa. Baba, wanda ya dawo a daren da ya gabata, ya fita neman mota. Kafin a fito da ita zaure ta cika.

Mama ta Herwagana ta zo gaisuwa ranar uku, da ƙurar hanya a ƙafarta. Ta yi kuka sosai. Ta tambayi Goggo ko Hajiya ta koma asibiti kuwa. Goggo ta ce ta koma, suka ce ta warke, ga warkewar nan an gani. Mama ta nemo ni da ido har ta same ni a bayan ƙofa. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tafi.

Ranar bakwai da hantsi aka yi addu'a aka raba gumba, baƙi suka ragu. Akwatin Umma na bakin ƙofar ɗakinta, an ɗora kwandon kayan jariri a kai. Ƙanenta ya zo da keke yana jira a waje. Goggo na zaune a tabarma, Baba na tsaye a inuwa yana kallon ƙasa. Umma ta durƙusa ta ce, "Yaya, zan tafi. Allah Ya jiƙan Dada."

Ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗauko littafin ba. Na zo tsakiyar gida na tsaya.

"Ba mu shiga ba."

Ba wanda ya ji. Sai da na sake faɗa.

Goggo ta ce, "Ina ne ba ku shiga ba?"

Na faɗa duka, tun daga ƙofar asibiti har Herwagana, da robar da aka ce kada a bari. Na miƙa wa Baba katin. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sake juyowa. Wurin da ake buga hatimi in mutum ya dawo babu komai.

Goggo ta ce, "Uwarki ce ta kitsa miki wannan."

"A'a, Goggo."

"To me Dada ta ce miki? Faɗi yadda ta faɗa, kada ki ƙara kada ki rage."

Na faɗa da kalmominta. Da na zo kan "Maimaita," na ce na maimaita, ta ce "Sake," sai na ga bakin Goggo ya buɗe. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Haka take yi," ta ce, ba da kowa take ba. "Tun muna yara, in ta aike mu. Sau biyu."

 Sai ta miƙe da sauri ta yo kaina, hannunta a sama.

"Wata huɗu! Wata huɗu kina kallonta tana tafiya, kina da baki!"

Na rufe ido. Marin bai sauka ba. Da na buɗe, Umma ce a tsakaninmu, jaririn na barci a bayanta.

"Yaya, tun tana rarrafe muke gaya mata in babba ya ce a yi shiru, a yi shiru. Ni na koya mata, ke ma kin koya mata. Dada ce ta ce ta yi shiru. Wa za ta bi? In duka ne, fara da ni."

Hannun Goggo ya sauko a hankali. Baba ya wuce mu bai dubi kowa ba, ya sauke kwandon, ya ɗauki akwatin ya mayar ɗaki. Ya fita waje, muka ji keken ya tashi ba tare da Umma ba.

Goggo ba ta ce a yafe mata ba, ba ta iya wannan ba. Ta koma tabarma ta zauna ta share fuska da mayafi. Can ta ce wa Umma, "Kwanto yaron nan ki kawo shi. Kwana bakwai yana bayanki."

Umma ta kwance shi ta miƙa mata.

Na rubuta wannan ne don masu zuwa gaisuwa har yanzu suna tambaya a hankali, kuma ba zan iya tsayawa gaban kowa in sake faɗa da baki ba. Ba wanda ya jefi Dada, ba wanda ya cuce ta. Tsoro ta ji sau ɗaya a rayuwarta, ta nemi wanda zai rufa mata asiri, ta same ni.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya yafe mata. Wanda ya karanta ya roƙa mata, in da saura ya haɗa da ni.